Launin da Ba Ka Gani

Zuwa ga Wongani, sanyin zuciyata, inuwar da nake fakewa in rana ta take, tauraron da ya taso daga bakin tafki ya haska mini garin Zomba, sannan ya ɓace ko sallama babu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da begen da ya fi ƙarfin takarda. Ina fata kana lafiya, kai da Mama da ƙannenka da duk mutanen Nkhata Bay. In ka tambayi tawa lafiyar, to, jiki dai yana tafiya, amma na gaji. Wallahi na gaji, masoyina! Na gaji da kiran wayar da ba a ɗagawa. Na gaji da hawa tudun nan zuwa ɗakin gwaje-gwaje ni kaɗai. Na gaji da shara wa mutane ƙarya cewa zazzaɓi ne ya kai ka gida. Shi ya sa na koma ga biro kamar kakata, zan ba wani ɗan garinku wasiƙar nan ya kawo maka hannu da hannu, tunda ita takarda ba a kashe ta.

Tun tafiyarka an gama dokokin iskar gas, an nutsa cikin sinadaran asid da alkali. Dakta Kamwendo tana nan yadda ka bar ta, alli a hannu, alli a gashi, tana cika allo tana gogewa kafin mutum ya ɗago kai. Lissafin mol ɗin nan, na ƙidayar ƙwayoyin sinadari, da kake yi kamar cin gyaɗa, ni har yau a wuya yake tsaya mini kamar ƙayar kifi. Wa zai ƙara zama da ni a gindin bishiyar bayan ɗakin karatu, ya baza wake da masara a kan benci, ya nuna mini yadda wannan ƙwayar zarra take bayarwa, waccan take karɓa, har a samu gishirin miya? Wa zai rera mini teburin sinadarai da muryar nan taka mai korar tsuntsaye? Jiya na buɗe littafi, na karanta shafi ɗaya har aka kira cin abinci, ko kalma ban riƙe ba.

Ka tuna ranar da aka fara haɗa mu teburi ɗaya? Ni kam ko na tsufa na rasa haƙori ba zan manta ba. Ga doguwar kwalbar awo mai ɗan famfo a gabanmu, ga ruwan asid a ƙasa, fari tas. Aka ce a riƙa sakin alkali ɗigo-ɗigo, da zarar ruwan ya ɗauki launin hoda mai haske, a rufe famfo a rubuta. Kai ne a famfo, ni ina kaɗa kwalba. Launi ya zo, ya zauna, ya yi duhu, kai kuwa kana ta zubawa hankali kwance, har abin ya koma zoɓo. Sai Gomezgani, uban 'yan tsokanar ajinmu, ya leƙo ya ce, "Kai ɗan masunta, awo aka ce ka yi ko rinin zanen amarya?" Aji ya fashe da dariya. Kai ma ka yi, amma na ga ta yaƙe ce.

A hanyar ɗakin cin abinci, ana yayyafi, hazo ya sauko ya rufe kan dutsen Zomba, muna ƙarƙashin lema ɗaya mai karyayyen ƙarfe, ka faɗa mini abin da ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. Ka ce idonka ba ya kama wannan launin sai ya yi duhu sosai. Ka ce tun kana yaro ake dukanka kan tsinko ɗanyen tumatir, ana zaton iskanci ne. Ka sa na rantse ba zan faɗa ba, na rantse. Daga ranar, in launi ya zo sai in taka maka ɗan yatsa a ƙarƙashin teburi, kai kuma ka rufe famfo kamar gwani. Haba, wace budurwa ce soyayyarta ta fara da taka ƙafa in ba ni ba? Amma a nan zuciyata ta tafi, ya kai ruwan farkon damina, kuma har yau ba ta dawo ba.

Sai ga sanarwa: jarrabawar gwaji ta ƙarshen zango kowa shi kaɗai zai yi, kowa da teburinsa. Na waiga na dube ka, ka sunkuyar da kai. Washegari aka ce an gan ka a tasha da jaka.

Wongani, ka san dokar sashen nan sarai: wanda ya rasa gwaji uku ba zai zauna jarrabawa ba, wanda bai zauna ba kuwa ya bar makarantar ke nan. Ka rasa biyu. Ranar Alhamis ne na uku. Na san abin da kake faɗa wa kanka a bakin ruwa, kana taya kawunka shanya ƙananan kifi: wai da muguwar rawa gara ƙin tashi. To, ni ban yarda ba! Shekara nawa Mama ta yi tana jiƙa rogo tana daka, don ka sa farar rigar nan ta ɗakin gwaje-gwaje? A ce duk ya tafi a banza saboda ɗigo ɗaya da idonka bai gani ba? Ina!

Yanzu ka zauna, don abin da zan faɗa ba zai yi maka daɗi ba. Ranar Litinin na je ofishin Dakta Kamwendo, na faɗa mata komai. Na karya rantsuwata da bakina, ba wanda ya matsa mini. Ranar wanka ai ba a ɓoye cibi.

Ta cire tabarau ta ce, "Shi ne yaron nan ya tattara ya gudu? Shi da ya fi kowa lissafi a ajin? Ku yaran nan za ku kashe ni." Ta ce ba kai ne na farko ba, ba kuma kai ne na ƙarshe ba. Akwai na'urar da ake tsomawa cikin ruwan, ta nuna ƙarfin asid da lamba, ba ruwanta da launi. Ka je asibitin makaranta su duba idon, ka yi jarrabawarka da ita. Amma ta ce doka doka ce: in Alhamis ta zo ba ta gan ka tsaye da farar riga ba, ba abin da za ta iya yi maka.

Na san halinka, abin ƙaunata. Na san girman kanka ya fi tafkin garinku faɗi. Wataƙila kana karanta wannan kana huci, kana cewa Upile ta tona maka asiri, Upile ba ta da amana. Faɗi, ban hana ka ba. Kafin na ƙwanƙwasa ƙofar nan na san ina iya rasa ka, na yi kuka har kaina ya yi ciwo, sannan na share fuska na shiga. Ba kuma zan ba ka haƙuri ba, don da za a mayar da ranar, haka zan sake yi.

Ka zo ka yi fushinka a nan. Ka nemi a sauya maka abokin teburi in ka ga dama, ba zan ce uffan ba. Gara mini ka wuce ni a hanyar aji ka ɗauke kai, littafi a hammata, da ka ci gaba da sona daga cikin kwalekwale. In ka kama motar Laraba da safe, za ka iso a kan lokaci.

Ko ka yafe ko ba ka yafe ba, zuciyar nan ba ta da wani mai ita sai kai, har ranar da za ta daina bugawa.

Taka a gajiye, taka har abada,
Upile