Jaji Ya Hau Sama Bai Faɗa Ba

Azare, ranar Laraba.

Zuwa ga Yayana Babakura,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ya Fanna da Nana Aisha, ya kuma sauƙaƙa muku ruwan Fatakwal ɗin nan da ba ya gajiya. Mu nan jiki lafiya, alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi tun da ta daina gardama ta soma shan magani, 'yata Hidaya tana ta karatu, kuma an ce an yi yayyafi a wajen Bulkachuwa, amma mu har yanzu zafi ne kawai ke gasa mu. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni alhali ga waya. Wallahi na sha ɗaukar wayar in ajiye. Bakina ba zai iya faɗa maka wannan magana ba, gidan nan kuma ko tari ka yi sai an ji, shi ya sa na ba direban da ke zuwa wajenku.

Maganar a kan ƙaninmu Jaji ce da kyamarar nan da ka aiko masa. Kada ka ce na ɗora maka laifi, alheri ka yi. Tun da ta zo, in bawan Allah ya rufe shagon gyaran wayoyinsa ba ya tsayawa hira, sai gida, sai ɗaga kai sama. Ya ce taurari yake so ya ɗauka. Hotunan farko da ya nuna mini sai da na riƙe ciki don dariya, don ba tauraro ko ɗaya, sai zane-zane kamar an watsa taliya a baƙin faranti. Ya ce ai haskensu kaɗan ne, dole a bar idon kyamarar a buɗe ya daɗe, su kuma ba sa tsayawa, tafiya suke yi daga gabas zuwa yamma. Maganinsa, in ji shi, sai an yi wata na'ura da za ta riƙa juya kyamarar a hankali tana bin su. Na ce to sai ka saya. Ya ce shi zai haɗa da hannunsa. Ka dai san Jaji in ya kafe.

Ya samo katako biyu masu faɗi, ya haɗa su a gefe ɗaya da hinjin ƙofa, suna buɗewa kamar littafi. Hinjin ma na kabad ɗina ne, ni na ba shi da hannuna, har yau ƙofar a jingine take. Ya lanƙwasa wata doguwar ƙusa mai zare ya zura ta tsakaninsu, ya ciro ɗan inji daga wata tsohuwar firinta ya haɗa da batir. Injin yana murɗa noti juyi ɗaya a minti, katakon sama yana ɗagawa sannu-sannu yadda ido ba ya gani, kyamarar tana zaune a kansa. Ya sha wahala, Yaya. Wani lokaci injin ya yi sauri, wani lokaci ya riƙa rawa har hoton ya dagule, ya kwance ya sake ɗaurawa. Ina yi masa tsiya ina riƙe masa tocila, don gaskiya abin ya soma burge ni. Kuma ba don wasa kawai yake yi ba. Ka tuna yadda Baba ke nuna mana Kaza da 'ya'yanta muna yara, yana cewa in ta ɓace a yamma damina ta kusa? Yanzu idonsa ba ya kai mata. Jaji ya yi masa alkawari zai nuna masa ita a hoto kafin ta faɗi bana.

Ga inda matsalar take. Na'urar ba ta aiki sai an saita hinjin daidai da wani tauraro da ke arewa, wanda shi kaɗai ba ya motsi. Jaji ya ɗaura ɗan bututu a jikin hinjin don ya riƙa leƙa shi ta ciki. To a Azare tauraron nan ƙasa-ƙasa yake, bai fi dunƙulen hannu sama da ƙasa ba, kuma daga tsakar gidanmu ɗakunan maƙwabcinmu Alhaji Babayo sun tare shi. Sai Jaji ya ce zai hau saman zauren nan da ka zuba wa siminti. Ni Kellu, da girmana da furfurar da ta soma fito mini, ni na riƙe masa tsani. Yaya, a gidan nan muka tashi. Ko bunu za a gyara, ko reshen darbejiya za a sare, Mama sai ta aike mu maƙwabta mu ce za a hau sama, mata su kintsa. Ni da kaina na yi wannan aike ban san iyaka ba. Amma ranar nan ko a zuciyata bai zo ba, shi ma haka. Hankalinmu duk yana sama, mun manta cewa arewa da mu tsakar gidan mutane ce.

Bayan sallar isha ne, ba wuta, ga zafi. Hajiya Bara'atu matar Alhaji tana zaune a tsakar gidanta ba ɗankwali, Surayya amaryar ɗansu Abdulrahim ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji. Ta ɗaga kai ta ga mutum durƙushe a sama da 'yar jar fitila, ya kafa ido a bututu, bututun kuma ya miƙe ɗoɗar zuwa inda take. Me kake so ta yi in ba ihu ba? Kafin in gane abin da ke faruwa Abdulrahim ya diro ta katanga, ya janyo Jaji daga tsani, ya shara masa mari, ya ja shi har ƙofar gida. A lokacin kuwa Baba da Alhaji Babayo suna zaune a tabarma suna ciyayyarsu, kamar yadda ka san suna yi tun kafin a haife ni. A gabansu, a gaban mutanen da ke dawowa daga masallaci, ya maka katakon da ƙasa ya tattake, ya ce Jaji ɗan iska ne mai leƙen matan mutane. Bai tsaya nan ba, ya ce laifin nasa uban ne, Alhaji, da ya yanka wa baƙi fili a jikin gidansa. Ni kuma da bakina da ba ya shiru, na biyo su ba mayafin kirki na zazzaga masa abin da ba zan iya rubutawa ba, har na taɓo uwarsa, matar da ta goya ni. Baba ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu, ya shige gida.

Tun daga ranar Alhaji Babayo bai sake fitowa cin abinci ba. Wannan shi ne abin da ke cin raina, ba marin ba, ba katakon ba. Ka fi ni sanin abin da mutumin nan yake a wajen Baba. Shi ya karɓe shi lokacin da ya zo daga Gashuwa ba shi da kowa a garin nan, shi ya tsaya masa a aurenka da nawa. Kullum Baba zai sa a shimfiɗa tabarma, ya zauna da kwanonsa a rufe, ya jira har shiru ya yi yawa, a dawo da tuwon yadda aka kai shi. Ya rame, Yaya, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni kuwa ko makaranta zan tafi sai in zaga ta bayan layi don kada in wuce ƙofarsu.

Baba ya ɗauki Jaji suka je ba da haƙuri. Jaji ya tafi da kyamarar, da yake Allah ya sa ba ta fashe ba, kuma hoton Kazar ya fito kafin a yi ihun, tas, ba zane ko ɗaya. Ya durƙusa ya miƙa wa Alhaji, ya roƙe shi ya duba duk abin da ke ciki ya ga ba kowa sai taurari. Alhaji ya ƙi karɓa. Ya ce in ya duba, ya zama ya zargi ɗan da aka yi wa huɗuba a hannunsa ke nan. Ya ce ba komai, ya wuce, amma duk zaman kansa a sunkuye, bai kalli Baba ba ko sau ɗaya. Baba ya dawo ya ce wa Mama mutumin nan bai huce ba, kara kawai ya yi masa. Da daren ma aka shimfiɗa tabarma, bai fito ba.

Sai Baba ya yanke shawara shi kaɗai. Ya ce tunda daga gidansa aka keta wa maƙwabcinsa mutunci, shi ya kamata ya toshe ƙofar ɓarnar, kada ya bari sai Alhaji ya ji nauyin yi da kansa. Ya kira magini ya ce a ɗaga katangar da ke tsakaninmu har ta wuce saman zaure, yadda ko an hau ba za a ga komai ba. Katangar nan da Mama ke kifa turmi ta taka su gaisa da Hajiya, su miƙa wa juna gishiri da daddawa. Mama ta yi kuka ta ce a dakata, bai saurare ta ba. Ya ce Jaji ne zai yi lebura, Jaji kuwa bai yi musu ba, ko da yake ya san in ta tashi shi da tauraronsa na arewa sun rabu a gidan nan. Ni aka aika in faɗa cewa za a hau.

Ban taɓa jin nauyin ƙafata kamar ranar ba. Na yi sallama, Hajiya ta amsa a hankali. Surayya tana tsakar gida tana tsince shinkafa, tana ganina ta miƙa hannu ta jawo hijabi ta saka. Ni fa, Yaya, mace 'yar'uwarta. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na durƙusa na ba Hajiya haƙurin abin da na faɗa, ta ce ta yafe, sannan na ce magini zai hau katanga. Ta tambaye ni hawan me. Kunya ta hana ni cewa ɗaga ta za a yi, sai na ce ɗan gyara ne, na fito da sauri. Alhaji kuma ya tafi Gadau ta'aziyya a safiyar. Kafin Hajiya ta gane ba gyara ba ne gini ya yi nisa, ita kuma ba ta ga fuskar da za ta aiko a tsaya ba bayan abin da ɗanta ya faɗa. Jaji ya yi ta ɗaukar bulo a ka cikin rana har fatar hannunsa ta saɓule.

Shekaranjiya Alhaji ya dawo. Bayan isha sai ga shi ya fito da kwanonsa a hannu, shi da kansa. Ina zaure na kawo wa Baba ruwa, don haka da kunnena na ji. Baba ya yunƙura zai miƙe don murna, Alhaji ya tsaya bai zauna ba. Ya ce shi fa tun daren farko bai riƙe Jaji a ransa ba, ya san yaron. Abin da ya hana shi fitowa, ya rasa idon da zai kalli Baba da shi bayan ɗan cikinsa ya kira shi baƙo a bainar jama'a. Ya ce a Gadau ya yi ta shawara da zuciyarsa, ya dawo da niyyar ya kawo Abdulrahim ya durƙusa a gaban Baba, sai ya shiga gida ya ga inuwar da bai sani ba a tsakar gidansa. Sai ya ce, "Malam, yaronka ya hau bai faɗa ba, yaro ne. Kai da ka gina wannan, ni ka tambaye ni?"

Baba ya ce da safe za a rushe ta. Alhaji ya ce a'a, a bar ta, unguwa duka ta riga ta gani, rushewa ba za ta sa su manta ba. Sannan ya zauna. Suka buɗe kwanuka, kowa ya ci nasa, ba wanda ya miƙa hannu cikin na wani. Jiya ma ya fito, haka suka yi. Baba da ya shigo bai tafi ɗakinsa ba, ya tsaya a gindin katangar ya dafa sabon simintin, ya daɗe a nan. Na zo zan kama shi, ya ce mini, "Kellu, da na bari kunyata ta kashe ni, da ya fi mini wannan."

Ban rubuto don ka yi wa kowa faɗa ba, Jaji ya sha abin da ya ishe shi, ko shago da ƙyar yake fita. Ina so ne ka kira Baba ka yi ta jan sa da hira, kada ka nuna ka sani sai in shi ya ɗauko. In kuma Allah ya sa za ka samu hutu da sallah, ka zo, wataƙila ganinka ya sa su sake cin kwano ɗaya.

Mama tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Nana Aisha. Baba yana sa muku albarka. Hidaya tana gaida Ya Fanna, Jaji ma yana gaisuwa. Ka gaishe mini da Malam Ɗanladi maƙwabcinku da iyalinsa. Ka yi haƙuri ba gaisuwar Hajiya Bara'atu a wannan karon, ban iya shiga na gaya mata zan rubuto maka ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Kellu.