Kitsen da Goggo Ta Sa a Dambu

Rogo Sabon Gari,
Jihar Kano.

Zuwa ga Yayana Zubair,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Barira da yara. Allah ya sa ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa bai tayar maka da tarin nan ba. Mu nan jiki lafiya, alhamdu lillahi. An gama girbi, matar Salisu maƙwabcinmu ta sauka lafiya an sami mace, maigidana Badaru kuma yana nan yana ta fama. Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To, duk ranar da ka kira Goggo tana zaune a gefena, kunnenta kuwa ka san shi, abin da ba a so ta ji shi take fara ji. Shi ya sa in ka tambayi labarin dambu nake ce maka ana nan ana yi. Ba a yi, Yaya. Sana'ar ta tsaya, kuma ban ga alamar za ta tashi ba.

Ka san tun rasuwar Baba wannan dambun waken suya ne yake riƙe da gidan nan. Ni ce da jiƙa wake, da kai niƙa, da tata, har ya zama awara in marmashe shi. Suyar ƙarshe kuwa ta Goggo ce ita kaɗai, ba ta yarda kowa ya tsaya mata a kan kasko. Bara wani mai kanti a Kano ya ɗanɗana, ya aiko aka kira ni. Ya ce akwai masu hawan jini da yawa a birni waɗanda likita ya hana su jan nama da kitse, irin wannan suke nema ido rufe, zai riƙa ɗauka duk abin da muka yi. Sharaɗinsa kawai a zuba a leda mai rubutu, a samo lambar hukumar da ke duba abinci. Murna a wurinmu ba a magana. Muka je Karaye aka buga mana leda da hoton wani ƙosasshen rago, aka rubuta dambun nama na Goggo. Badaru kuwa da damina ta faɗi, gonar Ruwan Bago gaba ɗaya ya zuba mata waken suya, ko kunya ɗaya ta dawa bai bari ba. Na yi masa magana, ya ce wanda zai riƙa kai kaya kanti ai buhun dawa ba zai gagare shi ba.

Da na kai ledar ofishin, wata jami'a ta juya ta, ta tambaye ni wace dabba aka yanka. Na ce ba a yanka komai ba, wake ne. Ta ce to ba za a kira shi nama ba, ragon ma sai an cire shi. Raina ya ɓaci, na ce mata daga Zoza har Karaye babu wanda bai san dambun Goggo na wake ba ne, wa muka ruɗa? Ta ce wanda zai ɗauka a kanti a Kano bai san Goggo ba, abin da ke jikin leda kawai ya sani. Haka muka yi asarar ledojin nan, aka sake buga wasu, aka rubuta dambun waken suya, babu kayan dabba a ciki. Muka kai nasu na gwaji, mai kanti ma ya karɓi wasu ya fara raba wa abokan cinikinsa su ɗanɗana.

Ranar da na koma jin sakamako, jami'ar ta ce an sami kitsen shanu a ciki. Yaya, rantsuwa na yi ta yi, har na ce ko sun haɗa kayanmu da na wani. Na dawo gida ina huci ina faɗa wa Goggo irin sharrin da aka yi mana. Ko a jikinta, sai ta ce ai gaskiya suka faɗa. Wai tun fil azal ludayi guda na narkakken kitse take zubawa a suyar ƙarshe, wurin mahaucin bakin kasuwa take karɓowa, shi ne yake ba shi ƙamshin nan da ni duk zamana nake zaton daddawa ce. Ta ce ta yaya za a miƙa wa mutum abu gaya, kamar ba a san darajarsa ba? Wanda ma aka ce manyan mutane ne za su gwada, sai da ta ƙara masa, don kada a ce mutanen Rogo marowata ne. Innalillahi! Na zauna daɓas a ƙasa, na rasa kuka zan yi ko dariya. Na nuna mata rubutun ledar, ta ce ita ina ta iya karatun boko, kuma babu wanda ya tambaye ta.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. Mai kanti ya dawo mana da kayan, ya ce ya ba marasa lafiya abin da aka hana su da hannunsa, ba zai sake hulɗa da masu algus ba. Jami'ar ta ce ƙofa ba a rufe take ba: ko mu rubuta cewa akwai kitse, ko mu cire shi. In mun rubuta, waɗanda ake yi dominsu ba za su saya ba. Na gwada cirewa, na soya da man gyaɗa zalla, wallahi kamar kana tauna dusa, ni kaina ban iya haɗiyewa ba. Sannan labari ya riga mu isowa gari. Ka san mutanenmu, an ji a rediyo wai a ƙasar Turawa ana haɗa nama a ɗakin gwaji ba tare da yanka ba, sai aka ce irinsa ne aka kama a dambunmu. Har wani malami ya aiko yana tambaya ko ya halatta a ci. Matan da suka shekara suna aiko da kwano yanzu gaisuwa kawai suke yi su wuce. Ga wake jibge a ɗaki, kowa ya noma bana, kasuwarsa ta faɗi. Rumbu kuwa babu dawa, awo muke yi tun yanzu, ban san yadda za mu kai baɗi ba. Badaru ya fara zancen ko za ka samar masa dako a wajenku.

Duk wannan da sauƙi a kan halin da Goggo take ciki. Ban san wanda ya kai mata kalmar nan ta algus ba, amma tun ranar ba ta ƙara zuwa gindin murhu ba. Ta kife kaskon a bayan ɗaki. Ko gishiri na ce ta ɗanɗana mini a miya sai ta kau da kai, ta ce hannunta ba abin yarda ba ne. Matar da ta raine mu bayan Inna, wadda ba ta taɓa tauye mudun kowa ba, yau ita ce take tsoron ta cuci mutane da abinci. Ta rame, Yaya, na lallashe ta har na gaji, ba ni da sauran abin faɗa mata.

Ka gaishe mini da Yaya Barira da kyau, da Abdulmutalib da ƙannensa, Allah ya yi musu albarka. Badaru da Salisu suna gaishe ka. Goggo ba ta san ina rubutu ba. Amma jiya ta tuna cewa kai ma likita ya taɓa yi maka zancen hawan jini, ta kuma tuna dambun da take aika maka duk Sallah, wanda ta ce naka ya fi na kowa samun kitse don kai ne babba. Ta ce in ka kira in roƙe ka ka yafe mata.

Wassalam. Ƙanwarka,
Sadiya