Maganin Yatsan Zakiru

Awendjé, Libreville
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Ɗan'azumi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi da ita tun da ka ɗauko ta daga Gumel. Allah ya ji ƙan ƙanenmu Zakiru, ya sa ya huta. Mu nan lafiya lau, sai dai kewa. Maigidana Malam Yusuf yana nan yana fama da motarsa tsakanin tashar jirgin ruwa ta Port Môle da cikin gari. Hawaou matar Zakiru tana cikin takabarta, tana haƙuri daidai gwargwado, ƙanenta ne yake buɗe shagon kafin a ga abin da hali zai yi. Rani ne yanzu a nan, sama a lulluɓe kullum, babu rana babu ruwa, gari ya yi shiru saboda 'yan makaranta sun watse hutu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Ai ka san halina da kai. In na kira ka, kai ne mai magana, ni kuma ba abin da ke fita daga bakina sai to Yaya, sai mun ajiye in zauna ina ta mita ni kaɗai, har Malam Yusuf ya ce da wa nake faɗa. A takarda kuwa ba ka da damar katse ni. Alhaji Abduljalil da ya zo mana daga Kano zai koma gobe, ya yi alkawarin damƙa maka ita hannu da hannu. Maganar Jannat 'yar Zakiru ce da ta Inna, kuma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci.

Kai dai bidiyon Zakiru kake gani duk Juma'a, ni kuwa ina wurin aka yi su, bari in ba ka labarin daga tushe. Makarantar su Jannat takan tura ɗalibai koyon aiki a babban hutu, abin da a nan ake kira sitaj. Ita aka tura ta wani kamfani a unguwar Louis mai yi wa shaguna da gidajen abinci talla a Facebook da TikTok. Shugabarta, Madam Yasmine, ta ce kowane ɗalibi ya nemi ƙaramin shago ya buɗe masa shafi, a ga abin da zai iya. Sauran suka bazama neman wuraren 'yan gayu, ita kuwa ta ce shagon ubanta za ta yi. Zakiru da ko a bikinsa sai da aka yi da gaske kafin ya tsaya hoto! Ya ce shadda da hannu ake sayenta, sai an taɓa an shinshina, ba a cikin waya ba. Yarinyar nan ta yi ta binsa da shayi da magiya har ya sallama, ya ce amma sau ɗaya tak, kada ta ƙara tayar masa da maganar.

Ashe haka ma aikin nasu yake. Ba kullum ake ɗauka ba. Rana guda ake warewa a ɗauki na makonni, a yanyanka, a jera a cikin na'ura, a sa wa kowanne rana da lokaci, in lokacin ya yi ya fito da kansa ko mai shi yana barci. Don kada masu kallo su gane rana ɗaya ce, sai mutum ya riƙa canza kaya. Ni na riƙe masa rigunan da hulunan a bayan kanta, ya shiga ya fito, ya shiga ya fito, ina tsokanarsa cewa amarya ma ba ta kai shi sauya kaya ba. Da safiyar ranar almakashi ya yanke shi a ɗan yatsa, ya naɗa filasta. Jannat ta ce ya ɓoye hannun, ya ce shi ba ya iya ciniki da hannu a aljihu. Da farko ya sandare kamar an kai shi gaban alƙali, can da ya manta da wayar sai bakin nan nasa ya buɗe, yana yabon shadda yana yi wa masu taya ta da arha ba'a. Na yi dariya ranar har da hawaye. Ban ƙara ganinsa cikin nishaɗi irin wannan ba.

Bidiyo biyu ko uku suka fita yana raye. Mutane suka fara zuwa shagon daga unguwannin da ko sunansu bai sani ba, matan Gabon suna nuna masa waya suna cewa wannan suke so. Ya riƙa cewa a masallaci 'yarsa ta mai da shi ɗan fim, yana faɗa kamar ƙorafi, amma kowa ya san alfahari ne. Sai ranar Larabar nan ya faɗi a shago bayan la'asar, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Inna kuma tana kwance a asibiti a Kano, likita ya ce kada a kawo mata abin da zai tayar mata da jini. Muka yarda a jinkirta gaya mata.

A cikin ruɗanin nan babu wanda ya tuna da na'ura, har ita Jannat ɗin. Ranar sadakar uku, an sauko daga Juma'a, gida cike, maza a waje mata a ciki, sai wayoyi suka fara ƙara. Wata ta danna tata ba da nufi ba. Yaya, sai ga muryar Zakiru a tsakar gidansa, yana yi wa jama'a maraba, yana cewa sabuwar shadda ta iso, wanda ya makara kada ya zarge shi. Hawaou ta ƙwalla ƙara ta zube. Jannat ta tashi za ta tsayar da sauran, kafin ta gama sai ga kiranka. Ka ce Fadima da ke jinyar Inna ta buɗe a gefen gadonta cikin rashin sani, Inna ta ji muryar autanta ta ce a miƙo mata, ta yi murmushi, har ta karɓi kunu bayan kwanaki tana ƙin abinci. Ka ce a bar su su ci gaba da fita har ta samu ƙarfi. A lokacin ni ma na ga hikimar hakan, kuma ban taɓa shakkar cewa tausayi ne ya sa ka ba.

Amma ba ka ga abin da yake ci a nan ba. Duk Juma'a in bidiyo ya fita, waɗanda ba su sani ba suna tambayar kuɗin yadi, ita ce mai amsa musu da sunan shagon. Waɗanda suka sani kuma suna rubuta Allah ya ji ƙansa, Allah ya sa Aljanna ce makoma. Tun da ka ce Inna takan sa a karanta mata abin da mutane ke faɗa a ƙasan hoton, kuma kowa na iya zama mai karantawar, sai ya zama aikin Jannat ne ta bi addu'o'in nan ɗaya bayan ɗaya tana gogewa. Na zauna kusa da ita na gani. Takan karanta, ta ce amin a hankali, sannan ta goge. Yarinyar da ubanta bai yi arba'in ba ke nan. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, abinci sai na tsaya a kanta.

A waje kuma bakin mutane bai bar ta ba. Matan unguwa suna cewa 'yar boko ta mai da gawar ubanta abin talla, ko kunya babu. Dattawan masallaci sun tare Malam Yusuf sun tambaye shi ko gidan babu babba ne. Ba mu da bakin bayani, domin in muka faɗi dalili, kafin magariba ya isa Kano. A wurin aikin nata ma, masu kallon shafin sun ninka tun bayan rasuwar, don kowa yana son ya ga mamaci yana magana. Babban mai kamfanin bai san komai ba, ya tsayar da ita a gaban taro ya yaba mata, ya ce sauran ɗalibai su yi koyi da ita, aka tafa. Ta fita ta shiga banɗaki ta kulle. Da Madam Yasmine ta ji gaskiyar magana, har gida ta zo ta'aziyya da ɗankwali a kanta. Ba addininmu ɗaya ba, amma ta zauna a tabarma ta yi kuka da mu, ta ce wa Jannat ta rufe shafin a ranar in tana so, sakamakonta ba zai taɓu ba. Jannat ta ce kai, Babanta na Kano, ba ka ba da izini ba tukuna.

Yanzu saura bidiyo ɗaya, na Juma'ar nan mai zuwa. Ta gaya mini ka kira ta ka ce an ba ka labarin akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum, ta haɗa wani wanda Zakiru zai gai da Inna da sunanta, tun da Inna ta fara ƙorafin wace irin tafiya ce wannan da aka ce mata ya yi zuwa garin Port-Gentil, da ta hana shi kiranta. Ta amsa maka da to, don yanzu ba ta da uban da ya wuce ka, ko wuta ka ce ta taka za ta taka. Na tambaye ta ko abin yana yiwuwa, ta ce yana yiwuwa, an nuna musu a wurin aiki. Sannan ta yi mini wata tambaya. Ta ce idan Inna ta ji gaisuwar ta sa albarka, albarkar wa za ta bi, ubanta ko na'urar ko ita da ta yi ƙaryar. Na ce mata ta ajiye, ni zan yi magana da kai. In akwai laifi a rashin yin, nawa ne, kada ka ɗora mata.

Akwai kuma abin da nake zaton bai zo kunnenka ba. Da Alhaji Abduljalil ya je sallama da Inna kafin ya taho, kana kasuwa, ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin matashi ta ba shi. Man kaɗanya ne da garin bagaruwa, a ɗaure cikin ƙyallen tsohon zanenta mai ruwan ƙasa, wanda ka sani. Ta ce a kai wa Zakiru ya shafa a yatsa. Ta ce tana lura, riga tana canzawa, hula tana canzawa, amma filastar nan tana nan yadda take, har gefen da ya ɗage bai sauya ba. Ta ce ita ta haife shi, jikinsa ba ya riƙe ciwo, ko kaciya ya riga sa'o'insa warkewa, to wane irin yanka ne wannan da ya ƙi kamewa tun farkon damina. Ta tambaye shi ko ciwon suga ne ake ɓoye mata. Ta ce in ma wani abu ne babba a gaya mata, ita ba yarinya ba ce, ta ga tafiyar miji ta ga ta 'ya'ya. Alhaji ya ce bai san yadda ya fito daga ɗakin ba. Mu da muke wurin ɗaukar hoton, da masu kallo dubbai, da masu ilmin abin, babu wanda ya kula da filastar nan sai matar da ido ɗaya ya rage mata.

Yaya, Inna tana tashi sallah tana roƙa wa yatsa sauƙi, alhali mai yatsan gafara yake bukata. Mun goge masa addu'ar baƙi, mun kuma tare masa ta mahaifiyarsa, wadda ta fi ta kowa. Wannan shi ne abin da yake hana ni sukuni. Ni na goya yaron nan, na san ba zai so a yi wa Inna haka da fuskarsa ba. Ina jin tsoron abin da labarin zai yi mata kamar yadda kake ji, ban raina tsoronka ba. Amma ta riga ta fara lalube, kuma na fi tsoron ta ji a bakin wata mai zuwa dubiya, ta gane dukanmu mun haɗa baki. Ina roƙonka don Allah, kafin Juma'a, ka nemi shawarar likitanta, ka kira Kawu Shamsuddeen da limamin unguwarku, ku zauna da ita da rana bayan ta ci abinci ta sha magani, ku gaya mata yadda ake gaya wa uwa. Ka kira ni a lokacin, ka ajiye wayar kusa da ita, in ya so ta yi fushin da mu biyu. Jannat ta ce za ta adana bidiyon duka, har da guntayen da yake kuskure yana dariya, in Inna ta so ganinsu daga baya ta gan su tana sane da abin da take kallo.

Ka gai da Fadima da kyau, ka ce mata na san ba da gangan ta yi ba, kada ta riƙe abin a ranta. Ka gai da Kawu Shamsuddeen, da Gwaggo Ummussalma in ta zo daga Gumel, da Rukayya da maigidanta. Malam Yusuf yana gaishe ka. Hawaou ta ce a roƙa mata addu'a. Jannat tana gaida Babanta, ta ce ka yafe mata.

Ƙullin yana nan a kan kantar shagon, kusa da almakashinsa, babu wanda ya iya kwance shi. Inna za ta tambaye ka, na san ta. Ka ce mata saƙo ya iso lafiya. Amma don girman Allah, Yaya, kada ka ce mata ya shafa.

Wassalam. Ƙanwarka mai jin maganarka kullum, ban da yau,

Ƙulu