Faifan da Na Bari a Bakin Kwamfuta

Assalamu alaikum Malam Zailani. Don Allah ka taimake ni da shawara, ina cikin murna amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Ni dattijo ne a Ƙofar Gayan, ɗinkin riga ce sana'ata tun ina yaro. Boko kuwa sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yamma na manya, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Bana Allah ya ba ɗana Jibril 'ya mace bayan dogon jira. Ranar suna kuka na yi a zaure gaban mutane, ban ji kunya ba. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Uwani.

Ni ban san mahaifiyata ba, ina goye ta rasu. Wadda ta san ta a duniya yanzu mutum ɗaya ce, yayata Ummukulsum, ga tsufa ga ciwon ƙirji. Jibril ya ajiye kwamfuta a gida, ya koya mini bugu da yatsa biyu. Kullum bayan la'asar sai in zauna Yaya tana faɗi ina bugawa: kamanninta, waƙar da take yi in tana niƙa, yadda take dariya ta rufe baki da gefen zane. Ina so Uwani ta girma ta san mai sunanta.

Jibril ya ba ni faifai ya ce na ajiya ne. Sai na tura shi a bakin na'urar na bar shi, a zatona yana tarawa da kansa kamar randa a ƙarƙashin indararo. Makon jiya aka ɗauke wuta ina tsakiyar bugu, abin da Yaya ta faɗa ranar ya tafi. Da Jibril ya duba faifan, wayam, tun farko ba abin da ya shiga. Na roƙi Yaya ta maimaita, ta ce ya ɓace mata.

Yanzu Jibril yana so ya mayar da kwamfutar ofis inda ya ce za ta fi tsira. Yaya kuwa ko zaure ba ta iya fita. Ni kuma mantuwa ta yi mini yawa. Shin babu hanyar da na'urar za ta riƙa ajiyewa da kanta?

Kakan Uwani, Birnin Zariya

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya raya Uwani, ya jiƙan mai sunan.

Kada ka zargi kanka. Faifai ba ya ɗaukar komai sai an umarci na'ura ta zuba masa, kuma ba kai kaɗai ka yi wannan zato ba. Jibril yana da gaskiya, wutar gida tana iya ƙona na'urar da duk abin da ke ciki. Kai ma kana da gaskiya, kwamfutar da ba ta kusa da Yaya ba ta da amfani a wannan aiki. A bar ta a gida, amma a yi mata gyara.

Hanyar da kake nema akwai ta. Ka sa Jibril ya saita wurin da kake bugu ya riƙa adana rubutu da kansa bayan 'yan mintoci, yadda in wuta ta ɗauke layi kaɗan za ka rasa. Ya kuma ƙara rumbu na biyu, wato wata ma'adanar rubutu, a cikin na'urar, ya saita ta duk sanda aka kunna ta kwafe rubutunka zuwa can. Wannan ba ruwansa da mantuwarka. In da hali, a sayi akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci har ka kashe na'urar a natse.

Sai dai abin da ya ƙona rumbu ɗaya yana iya ƙona na biyu, tunda gida ɗaya suke. Don haka duk Juma'a in kun dawo masallaci, Jibril ya zuba rubutun a faifai, ya buɗe a gabanka ka karanta da idonka, sannan faifan ya kwana a wani gida, nesa da rana da rediyo, don zafi da maganaɗisu suna lalata shi. A riƙa musanya faifai biyu. Abin da aka kammala a buga shi a takarda.

Amma Baba, kada ka dakatar da zama da Yaya kana jiran gyara. Ka ari rikoda, ka sa kaset yau da la'asar, ka bar ta ta yi magana yadda take so, ko da ta rera waƙar ne. Bugu zai jira ka, ita ce ba mu san iya kwanan da ya rage ba.

Allah ya ba Yaya sauƙi, ya nuna maka ranar da Uwani za ta karanta da bakinta.

Zailani