Ranar da Aka Yi wa Baba Gilbert Makoki Yana Shan Kunu

Furana, Ikara.

Zuwa ga Kawu Jeffrey,

Kawu, kafin ka aiko da waƙar nan, ka saurare ta da kunnenka kuwa, ko hoton bayan faifan ne ya burge ka? Ka gafarce ni, tambaya ta riga gaisuwa fitowa. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Anti Success da yara, har da tsofaffin da kake kula da su a wurin aiki. Allah ya sa sanyin Dablin bai shiga gwiwarka ba. Mama lafiya lau, ƙafar ta yi sauƙi, har Makarfi ta je ranar kasuwa. Masara ta yi kyau bana, tumatir ne tsutsa ta ɗan taɓa. Kowa yana nan ƙalau, in ban da aurena da Loveth da ke lilo saura mako uku, kuma kai ne sanadi.

Saƙonka ya iso ta hannun Auwal direba: faifai, da ɗan littafi, da takardarka mai cewa a sa waƙa ta bakwai lokacin shigowar amarya, don a san ango yana da kawu a ƙasar Ayilan. Ka san ni, makaranta ta tsaya mini a hanya, amma ba a ba ni takarda in ajiye ban karanta ba. Kwana huɗu na yi da ƙamus a gindin mangwaro. Na gane ofera wasan kwaikwayo ne da ba a magana a cikinsa sai waƙa, ko wuƙa aka daɓa wa mutum sai ya rera baiti goma kafin ya faɗi. Sunan mai tsara kiɗan ya fi ƙarfin bakina, sai na sa masa Ɗan Baduku, tun da littafin ya ce ubansa takalma yake ɗinkawa a wani garin masunta. Wai yana ɗan shekara bakwai ya fara jan goge irin na Turawa, ya gudu Italiya yana saurayi, wasansa na farko aka jefe shi da kabeji. Ita waƙa ta bakwai, amarya ce ke murna da safiyar bikinta. Murna, Kawu. Ka riƙe wannan.

Tun da ni ke kula da kayan sauti na coci, na ce bari in gwada ranar Laraba da sassafe kafin in tafi gona. Laifina ɗaya, kuma na amsa shi: ban cire wayar lasifikar da ke kan rufi ba. Amma kai shekara goma sha takwas a Turai ta mantar da kai cewa wannan lasifika ba ta buɗe baki da safe a tsakiyar mako sai an yi mutuwa. A sa waƙa tukuna, sannan Fasto ya faɗi suna. To, wannan karon ba wanda ya jira suna. Matar cikin faifan ta ɗauki murya ta hau da ita, ta ƙara hawa, ta tsaya can sama tana karkarwa kamar wadda aka taka wa ɗa. Baba Gilbert kuma, kakan Loveth, mako biyu ke nan yana kwance da zazzaɓi. Kowa ya haɗa lissafinsa a ransa.

Mama Selina shugabar zumuntar mata ta ɗora hannu a ka, ta ja mata kusan talatin zuwa gidan Baba Gilbert, wasu da itace, wasu da tukwane. Maƙwabcinmu Malam Ya'u, Allah ya saka masa, ko ƙofar gidan bai leƙa ba, ya kwashi 'ya'yansa da diga da shebur suka nufi makabarta kamar yadda suka saba yi mana. Baba Inuwa, ƙanin mai mutuwar, ya iso yana birgima, a tsakanin kuka da kuka yana tuna wa jama'a cewa fadamar bakin rafi ta ubansu ce su biyu. Shi kuwa mamacin yana bayan zana, ya samu sauƙi, ya fito hantsi yana shan kunun tsamiya. Bai nuna kansa ba, Kawu. Ya zauna ya saurara tsaf, ya ji wa ke kuka da hawaye, wa ke tambayar ko za a yanka akuya. Sai da ya shanye sannan ya ɗaga zana da ludayi a hannu, ya tambaya wa ya mutu. Mama Selina ta zauna a cikin tukunya.

Ni duk wannan lokaci ina cikin coci, idona a rufe. Gaskiya ɗaya ce, waƙar ta shige ni, har na maimaita ta sau biyu. Wannan maimaicin ne ya sa mutanen ƙauyukan gefe suka taso, wai mutum uku ne suka tafi.

Dattawa suka zaunar da ni. Na buɗe littafi, na ba su tarihin Ɗan Baduku tun daga takalma har kabeji. Wani dattijo ya ce da ya san inda aka binne masu kabejin da ya kai musu gaisuwa. Na ce matar murna take yi. Baba Gilbert ya ce shekararsa tamanin da ɗaya, macen da ke murna guɗa take yi, in kuwa wannan ce murnar mutanen Ayilan, yana so ya san me suke yi ranar da aka yi musu rasuwa. Na ce ai kunne ne bai saba ba. Nan bakina ya ja mini, don ya ɗauka kurma na kira shi. Ya ce ba zai ba da jikarsa ga gidan da ya sa aka haƙa masa kabari har gwiwa ba, sai wanda ya aiko da kukan ya yi bayani da bakinsa a gaban jama'a. Malam Ya'u ya zo tambaya ko a cike ramin, Baba Gilbert ya ce a bar shi, Inuwa zai buƙata.

Loveth fa? In na kira ta, dariya take yi har wayar ta faɗi, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Amma jiya ta daina dariya, ta ce kakanta ya sa an mayar da buhun shinkafar biki cikin ɗaki ya kulle. A shafin ƙarshe na littafinka an ce shi ma Ɗan Baduku surukinsa ya hana shi mata, ya jira shekara tara. Shi yana da goge da zai rarrashi kansa. Ni fartanya gare ni, kuma ba zan jira tara ba.

Mama tana gaishe ka, ta ce in rubuta da ladabi, ka shaida na yi ƙoƙari. Wasila matar Auwal tana gaida Anti Success. Fasto yana gaisuwa, ya kuma karɓe makullin kayan sauti. Ka shafa mini kan yara.

Ranar Lahadi bayan sujada, ƙarfe goma sha biyu, za a ajiye wa Baba Gilbert kujera a gaban coci, ni kuma zan tsaya da waya cike da caji. Na duba, a wannan wata agogonku da namu ɗaya ne, kada ka ce lokaci ya ruɗe ka. Ka kira, ka gaida tsoho da Hausa, ba da Turancin hanci ba, ka faɗa wa mutanen Furana wa ya zaɓi waƙa ta bakwai. Zai tambaye ka abin da ya sa amaryar take ihu, ka tanadi amsa. In wayar nan ta yi shiru, zan karanta takardarka da ƙarfi, har inda ka rubuta cewa mutanen ƙauye za su ga wayewa.

Ɗan 'yar'uwarka mai jiran kira,
Irmiya