Inda Wuta Ba Ta Taɓa Ba

Zuwa ga Inna Dulma,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, tumaki ma lafiya. Yau kwanan 'yata Hulan uku a asibitin birni tun da tukunyar shayin madara ta kife mata. Baya da ƙafafu ne suka ƙone, kin gani. Amma jiya cikinta ya kumbura ya yi tauri, fitsari ya tsaya, numfashi da ƙyar. Likita ta ce ruwan da ake ƙara mata ne ya kumbura hanji, ya danne ƙoda da huhu. Na ce to a daina. Ta ce in an daina, ƙunar za ta kashe ta. Na ce in an ci gaba fa? Sai ta miƙo min takarda, wai a buɗe cikin. Babanta Jargal yana wurin haƙar kwal, waya ba ta shiga. Na sa hannu, Inna.

'Yarki,
Tungalag

Tungalag,

Ina amsawa, tumaki lafiya. Sau uku na karanta, ban gane ba. Ni na tuɓe wa yarinyar nan riga, cikinta ko tabo babu. Yaya za a yanka inda wuta ba ta taɓa ba? Anya kin ji su da kyau? Tun kina ƙarama haka kike, babba na magana kina gyaɗa kai.

Sannan ki daina ɗora wa kanki laifi. Ba ke kika bar tukunyar a ƙasa ba. Kin mayar da ita kan murhu, ni na sake sauke ta na fita duba ɗan rago. Ranar na kasa faɗa.

Ki shafa min kanta.
Innarki

Inna,

Ina gaishe ki. Sun buɗe, kuma ba su ɗinke ba, wata leda suka rufa a kai sai kumburin ya sauka. Na kasa kallo. Da rana fitsari ya dawo, nas ta ɗaga min jakar da yake taruwa a ciki tana murmushi, na tsaya ina kuka a kan fitsari. Na tambaya ko ta tsira, aka ce a jira.

Jargal ya iso, ya ce in yi masa bayani. Na fara, na rasa ta inda zan bi.

Maganar tukunya, ban san me zan ce miki ba tukuna. Ki bar wa maƙwabta tumakin ki taho. Akwai kujera a ɗaya gefen gadon.

Ki sauka lafiya,
Tungalag