Shirun da Baba Ya Yaba

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Mama.

Na karanta sharhinka na wannan makon a jarida, kan fim ɗin gawar nan mai tashi tana shan jinin mutane. Ka rubuta cewa mai shirya shi ya san kunya, wai da dodon ya shiga ɗakin ma'aikaciyar jinya sai aka yi shiru na minti uku, aka bar mai kallo da tunaninsa. Har ka ce iyaye na iya zuwa da yaran da suka tasa.

Kan maganarka na kwashi jikokinka muka je sinima. Baba, a cikin shirun nan aka nuna komai, haƙori a wuya, jini har bango. Ƙaramarsu tana kuka ta fito. Shekara ashirin kana wannan shafi ban taɓa kama ka da ganganci ba. Me ya faru?

'Yarka ta fari.

'Yata,

Saƙonki ya iso, Allah Ya yi miki albarka. Ki ba jikokina haƙuri. Doki mai ƙafa huɗu ma yana tuntuɓe. Can baya na zauna, wani mai dogon wuya ya tare mini kallo. Amma darasin yana nan daram: mugu ba ya shiga gida sai an buɗe masa ƙofa. Kada ki dami uwarki da wannan zance.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa. Ka gafarce ni, na kira mai sayar da tikitin sinimar. Ya ce wata takwas ke nan a layin farko kake zama, kuma shi ke riƙe hannunka har kujera. Wasiƙarka ma rubutun maƙwabcinmu tela ne, na san hannunsa. Na ji tsoro, Baba, kuma na ji haushi. Tun yaushe?

'Yarka.

'Yata,

Tun bara. Inuwa kawai nake gani, sauran da kunne nake haɗawa. Uwarki ta sani. In edita ya ji zai karɓe shafin, kuma shafin nan kaɗai ke fitar da ni daga gida.

Ranar Asabar akwai sabon fim. Na sa a ajiye mini kujera biyu. In za ki zo, ki zauna ta hagu, kunnen nan ya fi ji.

Mahaifinki.